Gargaɗin Motar Baba

A ƙarshen damina rubutun ya fara fitowa. Baba yana kan hanyar dawowa daga gona sai motar ta yi 'yar ƙara sau ɗaya, wasu kalmomi ruwan ɗorawa suka bayyana a ɗan gilashin da ke bayan sitiyari, tsakanin agogon gudu da na mai. Da ya iso gida bai kashe ta ba. Ya danna ham ya kira Auta, 'yarsa ta ƙarshe, wadda ita kaɗai ta rage tare da shi tun rasuwar mahaifiyarsu.

"Zo ki karanta min wannan, na bar tabarau a ɗaki."

Ta leƙo ta taga. "Cewa ta yi a duba na'urar da ke hana ta santsi, Baba. Wai ta daina aiki."

"Ita ta gaya miki?"

"Ga shi nan a rubuce."

"To ki rubuta mata amsa, ki ce na ji."

Ya kashe ta, ya sake tayarwa, rubutun ya ɓace. Washegari ya dawo. Haka ya riƙa yi kullum. Da safe gilashin fes, amma kafin Baba ya kai gadar da ke bayan gari sai ƙarar nan ta zo, rubutun ya zauna daram har a kashe injin.

Motar tsohuwar jif ce mai ja da ƙafa huɗu, irin mai canza giya da kanta. Baba ya saye ta ne lokacin da ya ajiye aikin safiyo, bayan ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana auna filayen mutane. Nasa filin yana can ƙetaren rafi, hanyar yashi ce da taɓo, ƙaramar mota ba ta shigarta. Kullum da hantsi yana can cikin mangwaronsa da lemonsa, yana faɗa da tururuwa. In aka cire gonar nan daga yininsa, abin da zai rage masa kujera ce da rediyo.

Babban ɗansa, wanda kowa a gidan ke kira Yaya, yana aiki a wani gari mai nisa, kuma ta waya yake tafiyar da gidan. Baba da kansa ya ba shi labarin rubutun, cikin raha, yana cewa motarsa ta fara makaranta da tsufanta. Yaya bai yi dariya ba.

"Baba, motar nan ta gaji. Tun bara nake faɗa. Wata rana a tsakiyar rafi za ta ajiye ka."

"Ba ta taɓa ajiye ni ba."

"Ai yanzu ita da bakinta ta ce ba ta da lafiya. Ga abin da za a yi. Ƙarshen wata ina tafe. In na zo na tarar rubutun nan yana fitowa, za a sayar da ita, ka huta da tuƙi. In an gyara, ba zan ƙara maganar ba."

Auta tana ta girgiza wa Baba kai, tana nuna masa kada ya amsa. Amma Baba mutum ne da ba ya son a ce ya tsorata.

"Na yarda," ya ce. "Kai ma kada ka canza magana."

Da aka kashe wayar Auta ta ce, "Me ya sa ka yarda? Ka san Yaya, in ya kama abu ba ya saki."

"Wuta ce fa kawai, Auta. Waya ce ta saki a wani wuri. Gobe ki raka ni wajen Dogo."

Dogo bakaniken Baba ne tun ranar da aka sayi motar. Gajere ne ƙwarai, sai ya taka tsohon batir kafin ya leƙa cikin injin jif, shi ya sa sunan ya bi shi. Garejinsa rumfar kwano ce da rami ɗaya, ƙasan duk ta yi baƙi da tsohon mai. Auta ta rufe shagon ɗinkinta ta zauna a kan benci, tana kallo.

Dogo ba ya gaggawa. Ya fara da kan batir, ya kwance, ya goge farin garin da ya taru, ya ɗaure tam. Ya duba man burki. Ya zagaya tayoyin huɗu yana karanta lambar kowace, yana auna iskarsu.

"Irin motar nan tana ƙirga juyin kowace ƙafa," ya gaya wa Auta. "In ɗaya ta fi 'yan uwanta girma, sai ta ɗauka santsi ake yi, ta rikice. Amma na Baba duk kansu ɗaya."

"Ka ji ko?" Baba ya ce. "Gaya wa Yayanta."

Dogo ya shiga rami, ya ciro sensar kowace ƙafa, 'yar na'urar da ke ƙirga juyinta, ya wanke laka da ƙurar ƙarfe da suka manne musu. Ta baya ta hagu wayarta ta ɗan goge, ya ce to ga ɓarawon nan. Aka sa sabuwa. Baba ya koma gida yana waƙa ƙasa-ƙasa. Da safe, kafin gada, ƙarar ta zo.

Suka koma. Wannan karon Dogo ya kira maƙwabcinsa Mai Wayarin, mai gyaran wutar mota, wani siriri mai yawan shiru, wanda ya zo da 'yar kwamfutarsa a jaka. Ya jona ta a ƙarƙashin sitiyari, ya daɗe yana kallonta.

"Ba ƙafafun ba ne," ya ce. "Cewa take saƙon burki bai dace da tafiyarta ba. Tana jin an taka burki alhali tana gudu."

"Makunnin burki ke nan," in ji Dogo. "Ɗan abu kamar yatsa, ya hana mutane barci."

Aka canza makunnin da ke saman fedar burki. Mai Wayarin ya goge laifin daga ƙwaƙwalwar motar. Don a tabbatar, Dogo ya ɗauke ta da kansa, ya yi yammacin ranar yana yawo da ita, ya haye gada, ya shiga yashi, ya dawo. Gilashin fes. Ya miƙa wa Baba makulli da hannu biyu.

Kwana ɗaya bai cika ba suka sake tsayawa a bakin rumfar, rubutun yana nan.

"Kai!" Dogo ya jefar da tsumman hannunsa. "Baba, motar nan ko dai ƙararka take kaiwa? Ni ba ta yi min haka."

"Ta raina ka ne. Ta ga ƙafarka ba ta kai ƙasa."

Aka yi dariya, har Mai Wayarin ya murmusa. Aka bi wayar burki tun daga feda har fitilun baya, aka canza ƙwan fitila biyu, aka tsaftace inda waya ke kama jikin mota. Kowane gyara sai ya yi kamar ya ci, sannan ya warware a hannun Baba. Shagon Auta ya fi zama a rufe fiye da a buɗe, masu kaya suka fara kira suna ƙorafi. Yaya kuma duk ƙarshen mako tambayarsa ɗaya ce.

"Rubutun ya mutu?"

"Ana kai, Yaya."

"Ke ma kina ɓata lokacinki. Na riga na yi magana da wani mai son sayenta."

"Wata bai ƙare ba tukuna," ta ce. "Kai ba ka ganinsa in ya dawo daga gonar nan. Ni nake gani."

Ana saura 'yan kwanaki Yaya ya zo, Mai Wayarin ya ja Auta gefe, can bayan wata mota da aka ɗage a kan jak.

"Anti, ke kina tuƙa ta?"

"Wani lokaci, in zan sayo yadi."

"Ya taɓa fito miki?"

Ta yi tunani. "A'a."

"Dogo ma bai fito masa ba. Ni ma na zagaya da ita." Ya naɗe wayar kwamfutarsa a hankali. "Ni dai na gama da wayoyin motar nan, ban ga komai ba. Gobe ki zauna kusa da Baba, Dogo ya bi ku a baya. Kada a ce masa komai, ya yi tuƙinsa yadda ya saba."

Haka aka yi. Baba ya ji daɗin rakiyar, yana ta nuna mata filayen da ya auna a zamaninsa, wannan na wani mai rowa ne, wancan an yi shari'a a kansa. Suna hawan tudun da ke kafin gada wayarta ta yi ƙara. Dogo ne, daga motar baya.

"Anti, kada ki amsa da ƙarfi. Fitilun burkinku a kunne suke tun daga gida. Ga shi kuna hawan tudu ma suna ci. Duba ƙafarsa."

Ta sauke wayar, ta yi kamar tana gyara takalminta. Motar ba ta da kuloci, don haka ƙafar hagu ba ta da aikin komai, wurinta can gefe. Amma ƙafar hagun Baba tana kan burki, a kwance, tana ɗan danne shi. Ta dama tana kan totur. Auta ta ci gaba da kallo. Da suka doshi mararraba ta ga hannun damansa ya sauka daga sitiyari ya kama wandonsa a gwiwa, kamar mai kaɗe ƙura, ya ɗaga ƙafar da hannu ya janye ta daga totur.

A mararraba ta biyu hannun bai yi sauri ba. Wani mutum ya turo baro cike da bulo ya shigo titi. Baba ya danna burki da hagu, ta dama kuwa tana nan inda take. Injin ya yi gurnani, motar ta riƙa karkarwa tana ja gaba kamar dabbar da aka riƙe da igiya, sannan ta tsaya. Tsakanin bambarta da gwiwar mutumin bai fi tafin hannu ba. Mutumin ya ɗaga hannu ya yi masifa ya wuce. Sai ga 'yar ƙarar nan, rubutun ya fito.

Suka isa gona. Baba ya tsaya ƙarƙashin mangwaro ya kashe injin. Dogo ya tsaya can nesa, ya fito ya tsuguna yana duba tayarsa da ba abin da ya same ta.

"Tun yaushe, Baba?"

"Tun yaushe me?"

"Ƙafarka."

Ya kalli sitiyari. "Tun kafin ruwa ya sauka. Ba ta ciwo. Nauyi ne kawai. In na ce mata tashi sai ta tsaya shawara."

"Shi ne ba ka faɗa ba?"

"In faɗa wa wa? Yayanki?" Ya gyara zama, har da ɗan alfahari a muryarsa. "A nan na koya wa ta hagu. Tsakanin itatuwan nan, ni kaɗai, gaba da baya, har ta iya. Da tsufana na sake koyon mota, Auta. Na taɓa buge wani?"

"Ba ka taɓa ba."

"To."

Ya buɗe ƙofa ya ƙwala wa Dogo kira. Dogo ya taho yana goge hannu a riga, ba ya son haɗa ido da kowa.

"Ka ji ciwon motarka, ni ne," Baba ya ce. "Yanzu gaya min gaskiya. Abokinka zai iya rufe mata baki? Rubutun nan ya daina fitowa gaba ɗaya?"

Dogo ya sosa ƙeya. "Ana yi, Baba. Ba wani aiki ba ne. Sai dai..." Ya saci kallon Auta.

"Ba ita na tambaya ba."

"Ni dai in Anti ta ce a yi, sai a yi."

Baba ya juyo gare ta, ya sassauta murya yadda yake yi mata tun tana ƙarama. "Autata. Yayanki rubutu ya ce. Bai ce ƙafa ba. In ya zo ya ga gilashi fes, magana ta ƙare, da bakinsa ya faɗa. Ke kika tsaya min tun farko. Saura ƙiris."

"Baba, mutumin nan mai baro..."

"Shi ya shigo ba ya kallo."

"Da yaro ne fa?"

"Ba yaro ba ne."

Ta kalli gonar. Ya share gindin kowace bishiya, ya yi mata da'irar ƙasa don riƙe ruwa, layi-layi, a miƙe kamar an ja da igiyar awo. Ta san abin da kujera da rediyo za su mayar da shi. Ta kuma san cewa in ta ce a yi, ba wanda zai taɓa sani sai su huɗu.

"Dogo, kada a taɓa komai," ta ce. "Baba, ba ni makullin, ni zan mayar da mu."

Bai yi gardama ba. Ya zare makullin ya ajiye a kan kujera maimakon ya sa mata a hannu, ya zagaya ya buɗe ƙofar baya ya shiga. Har gida ba ta iya duba madubi ba.

Da Yaya ya iso, Auta ta tare shi a bakin ƙofa ta gaya masa komai, ta roƙe shi ya bi abin a hankali. Ya saurara yana kaɗa makullin motarsa a yatsa.

"Ai na faɗa," ya ce.

"Ba ka faɗa ba, Yaya. Cewa ka yi motar ta gaji. Lafiyarta ƙalau."

"Duk ɗaya ne. Kuma ke kina gida ɗaya da shi wata da watanni ba ki lura ba? Da me kike?"

Bai jira amsa ba. Ya wuce ta ya shiga falo da fara'arsa. Ta tsaya a waje tana jin su. Baba ya tarbe shi da murna, yana tambayar yara, yana tsokanarsa da tumbin da ya ajiye. Yaya ya yi bayani mai daɗi, ya ce za a samo direban da zai riƙa kai Baba gona duk mako, a ga likita, komai zai daidaita. Baba ya ce Allah ya yi masa albarka.

Mai sayen ya zo washegari, wani ɗan kwangila mai yawan magana. Ya zagaya da motar ya dawo yana washe baki, ya ce rabon da ya ga tsohuwar mota mai lafiya haka har ya manta. Yaya ya karɓi yabon kamar shi ya riƙe ta. Baba bai fito ba. Auta ce ta kwashe kayansa daga ciki, almakashin yankan reshe, tsohuwar hular rana, igiya, da wata robar ruwa. Ta rasa inda za ta ajiye su, ta jera su a bayan ƙofar kicin.

Yaya ya koma bakin aikinsa. Direban da ya yi alkawari ya zo sau ɗaya da ƙaramar mota, ya ga yashin hanyar, ya ce shi ba zai kashe motarsa ba. Aka ce za a nemo wani. Duk lokacin da Auta ta tuna wa Yaya sai ya ce yana sane, aiki ne ya yi masa yawa.

Baba bai yi mata faɗa ba ko sau ɗaya. Da ya yi, da ta fi samun sauƙi. Ladabi ya koma yi mata, irin wanda ake yi wa baƙo. In ta kawo shayi sai ya ce, "An gode, a ajiye nan." In ta tambayi ƙafar sai ya ce, "Da sauƙi, an gode da tambaya." Ya daina kiranta Auta. Ba ya kiranta da komai, sai dai ya yi gyaran murya in yana son abu. Amma in Yaya ya bugo, har tsakar gida ake jin dariyarsa.

Ita ta kai shi asibiti, a motar haya. Likitar ta sa shi ya tura tafin ƙafarsa a hannunta, dama da hagu, ta ƙwanƙwasa gwiwa, ta yi tambayoyi. Ta ce jijiya ce ta danne a baya, kuma an yi sa'a da aka zo yanzu, don da an ƙara jinkiri da abin ya fi haka.

"Wa ya fara lura?" ta tambaya.

"Akwai mai sa ido a gidan," Baba ya ce.

Likitar ta yi dariya, ta ɗauka wasa ne. "Ai kuwa ka yi dace da 'ya, Baba."

"Ƙwarai," ya ce, yana kallon bango.

"Likita, zai iya komawa tuƙi?" Auta ta tambaya da sauri. "In an yi magani?"

Likitar ta ce, "Mu fara da tafiya tukuna."

Suka fito. A bakin ginin akwai matakala masu ɗan tsayi, ba abin dafawa. Auta ta riga shi sauka taki ɗaya, ta juyo ta miƙa masa hannu. Baba ya dubi hannun. Sannan ya ɗaga kai ya hango mai gadi zaune a inuwa, mutumin da bai taɓa gani ba.

"Ɗana," ya kira shi, "zo ka kama ni in sauka."

Mai gadin ya taso da sauri. Auta ta matsa gefe ta ba su hanya.